Masu Rediyon Sha'awa da Labarin Yanayi

Mu nan in an ce rediyo, abin da muka sani shi ne akwatin da ake murɗawa a ji labarun duniya. Ashe akwai waɗansu mutane da ba sauraro kaɗai suke yi ba, su ma suna aikawa da magana. Ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Malamai ne da manoma da direbobi da tsofaffin da suka bar aiki, sha'awa ce kawai ta sa su. Mutum yakan ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira. Ta Nijeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wata dabara da ake kira APRS. Wani injiniya Ba'amurke, Bob Bruninga, wanda ya yi aiki a makarantar horar da sojan ruwa ta Annapolis, shi ya fara ta a shekarun 1980. Ya rasu a 2022. Mutum zai haɗa rediyonsa da na'urar GPS da ma'aunan yanayi a bayan gidansa. Bayan 'yan mintoci sai rediyon ya yi wata 'yar ƙara kamar kukan gyare. A cikin wannan ƙara akwai inda mutumin yake, da ƙarfin iska, da zafi, da yawan ruwan da ya sauka. Wata tasha a kan tudu ta ji ta maimaita, har saƙon ya fito a kan taswira a kwamfutar wani mai nisa. A Arewacin Amurka duk a zango ɗaya ake haɗuwa, 144.39.

Wani zai ce wasan masu kuɗi ne. To, kayan suna da tsada, ba mu musa ba. Amma tun 1965, lokacin guguwar Betsy, irin waɗannan mutane suke taruwa a zangon 14.325 duk sa'ad da babbar guguwa ta doshi gaɓa. Kowa ya faɗi abin da yake gani da bakinsa, a miƙa wa cibiyar lura da guguwa da ke Miyami. A 2017 guguwar Mariya ta lalata kusan duk turakun wayar salula na tsibirin Fotoriko, sai rediyon sha'awa ya zama ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa asibitoci da masu agaji. Wani abin kuma, da yawa daga cikin waɗannan guguwoyi hadarin daminarmu ne mafarinsu. Yakan ratsa Afirka ta Yamma, ya wuce Senegal, ya faɗa teku ya yi ƙarfi.

Nan ne abin ya taɓa mu. Mu ne muke karɓa-karɓa wajen duba ma'aunin ruwan makaranta kowace safiya. Mukan tsuguna cikin raɓa mu karanta milimita, mu rubuta a littafi, littafin ya koma kabad. Mutanen ƙauyukan da ke bakin rafi a ƙasa da mu, waɗanda ruwan nan yake gangara wa gonakinsu, ba su taɓa jin lissafinmu ba. Mun kai wa malamin kimiyya maganar. Ya ce lasisi sai an ci jarrabawa, amma sauraro ba ya bukatar izinin kowa, don haka zangon karatu mai zuwa za mu fara da ɗaura eriya a kan tankin ruwa.