Georgia Oboh da Wasan da Bai Iso Garinmu Ba

A Maƙarfi da Ikara da Kudan, idan ka ce Golf, hankalin kowa zai tafi kan motar hayar da ke jigilar fasinja da buhunan barkono zuwa Zariya. Ni ma da wannan sanin na tashi. Sai da na shiga jami'a na fahimci cewa akwai wasa mai wannan suna, wanda wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu, kuma akwai 'yar Nijeriya da ta mayar da shi sana'a.

An haifi Georgia Oboh a shekarar 2001 a birnin Mancesta na Ingila, iyayenta 'yan Nijeriya ne. Tun tana ƙarama ta riƙe sandar wasa. A 2018 ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta matasa a Ajantina, a shekarar kuma ta shiga sahun ƙwararru tana da shekara 17, ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta samu gurbi a zagayen gasannin mata na Turai. A 2024 ta lashe gasar John Shippen a Amurka, wadda aka sa wa sunan baƙar fatan da ya buga babbar gasar ƙasar tun 1896.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda sana'ar take. Fili na da ramuka 18, ba a yarda 'yar wasa ta ɗauki sanduna fiye da 14 ba, wadda ta fi ƙarancin bugu kuma ita ce gwana. Babu albashi kamar na 'yan ƙwallon ƙafa. Kuɗin jirgi da masauki da ladan mai ɗaukar mata jaka duk a wuyanta suke, kuma a yawancin gasanni, bayan kwana biyu ana sallamar kusan rabin 'yan wasa hannu rabbana. Manomin tumatir na Ikara, wanda ke zuba jarinsa a fadama ba tare da sanin farashin da zai tarar a kasuwa ba, zai gane wannan rayuwa fiye da yadda ake zato.

Na taɓa kawo labarinta a ajin 'yan matan da nake koyarwa. Wata ɗaliba ta ce, “Malama, ai a Ingila ta tashi.” Gaskiya ta faɗa, kuma nan gizo ke saƙar. Akwai filin golf a Zariya, akwai a Kaduna da Kano, amma kuɗin rajista da na kayan wasa sun sa ya zama na manyan ma'aikata da attajirai. Ƙofar da talaka ke bi ita ce ɗaukar jaka. Da yawa daga cikin ƙwararrun maza na ƙasar nan ta nan suka koya. Wane uba ne a Hunkuyi zai bar 'yarsa ta wuni tana bin baƙin maza da jaka a kafaɗa? Ni kaina ba zan ga laifinsa ba.

Ana yawan kafa hujja da Koriya ta Kudu. Se Ri Pak ta ci babbar gasar mata ta Amurka a 1998 tana da shekara 20, sai yara mata suka yi ca a kan wasan. Cikinsu har da Inbee Park, wadda ta ci zinare a Olamfik ta 2016. Sai dai waɗancan yara sun tarar da wuraren atisaye da masu horarwa suna jiransu. Ɗalibaina kuwa, filin makarantarmu maza ne ke mamaye shi da ƙwallon ƙafa, su kuma gaɗa da carafke sukan bar su tun kafin su kai aji uku na ƙaramar sakandare. A zangon da ya wuce na roƙi shugaban makaranta ya ware musu filin ranar Laraba da yamma. Ya amince, da sharaɗin iyaye su sa hannu, kuma takardun na nan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.