Filin Wasan Dala Miliyan 60 a Makarantar Gwamnati

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hoto da 'yan ajinmu suka turo a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, hoton filin ƙwallon makarantarmu, wanda ciyawa ta cinye rabinsa, ɗaya rabin kuma wani bawan Allah ya yi masa kunyoyin gyaɗa, tare da roƙon kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa domin a sayi ƙarafan raga da fenti. Na aika da abin da Allah ya hore, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin a nan inda nake zaune, arewa da birnin Dallas a jihar Texas ta Amurka, akwai wata makarantar sakandare ta gwamnati a garin Allen wadda aka gina wa filin wasa a kan kuɗi kimanin dala miliyan 60, mai ɗaukar mutum 18,000 a zaune, alhali kuwa ba don kowa aka gina shi ba face don samari 'yan shekara 15 zuwa 18, waɗanda ko gemu bai gama tsiro musu ba.

Kafin mai karatu ya yanke hukuncin hauka a kan mutanen garin, ya kamata ya ji asalinsu. Allen dai zango ne na jirgin ƙasa, wanda aka kafa a shekarun 1870 sa'ad da aka shimfiɗa layin dogo daga Houston zuwa arewa, kuma har yau tsohuwar madatsar dutse da jiragen tururi suke shan ruwa a cikinta tana nan a bakin rafi. Babban abin da ƙauyen ya yi suna da shi a wancan zamani shi ne fashin da wani ɓarawo mai suna Sam Bass ya yi wa jirgi a wurin a 1878. An gina makarantar sakandarensu ta farko a 1910, domin 'ya'yan manoman auduga, kuma har zuwa 1970 mutanen garin ba su cika dubu 2 ba. Daga nan ne Dallas ta cika ta tumbatsa, ma'aikata masu albashi suka riƙa fitowa bayan gari suna neman gida mai fili da makaranta mai kyau, har ƙidayar 2020 ta sami mutum sama da dubu 100 a inda dā gonaki ne. Garuruwan da suke maƙwabtaka da su, irin su Plano da Frisco da McKinney, da yara suka yi yawa sai suka ƙara gina makarantu, suka raba ɗalibai. Amma mutanen Allen suka ƙi, suka ce gari ɗaya, makaranta ɗaya, tuta ɗaya, suka koma sabon gini a 1999, suka ware 'yan aji na farko a wani gini dabam, suka tara sauran dubbai a wuri guda. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin al'amarin, domin makarantar da take zaɓen 'yan wasa daga cikin ɗalibai dubbai, lalle ba za ta yi kunnen doki da wadda take zaɓe daga ɗaruruwa ba.

To, ina aka samo dala miliyan 60? Wannan ita ce mas'alar da ta fi ba ni ta'ajibi, kuma a nan ne hassada ta fara shiga raina. Ba gwamna ba ne ya ba da kyauta, ba kuma wani attajiri ba ne ya yi sadaka domin a rubuta sunansa a ƙofa. A 2009 hukumar makarantun garin ta kawo wa jama'a shawarar cin bashin kimanin dala miliyan 119, domin gina filin, da babban zauren kiɗa da wasan kwaikwayo, da wurin kula da motocin makaranta, aka jefa ƙuri'a, kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince, bisa sanin cewa daga harajin gidajensu za a biya, shekara bayan shekara. Duk da haka ban daina ganin israfi a ciki ba, musamman da yake a 2011, ana tsakiyar ginin, majalisar jihar ta zaftare fiye da dala biliyan 5 daga kasafin makarantun gwamnati. Na faɗa wa wani maƙwabcina haka, sai ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa a dokarsu kuɗin bashin gini dabam ne, kuɗin albashin malamai dabam, ba a ɗibar wannan a zuba a wancan. Hujja ce a shari'ance, na karɓa. Amma aljihun da kuɗin biyu suke fitowa ai ɗaya ne.

Gani ya kori ji. Daren Juma'a ne ake wasan, daga ƙarshen Agusta har sanyi ya shigo, kuma tun la'asar sakaliya za ka ga motoci sun yi jerin gwano, tsofaffi da sanduna, mata da jarirai a keken turawa, kowa sanye da riga mai hoton gaggafa, wadda ita ce alamar makarantar. Wasan kansa, wato ƙwallon Amurka, na 'yan wasa goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, da hular kwano da sulke a kafaɗa, ana kashi huɗu na minti 12, amma saboda yawan tsayawa da shawara sai ya ci kusan awa uku. Har yanzu ban ga abin da ya fi tamaularmu da shi ba. Abin da ya kama ni shi ne hutun rabin lokaci, sa'ad da makaɗan makarantar, waɗanda yawansu ya haura 700, suka cika filin daga wannan gefe zuwa wancan, da kakaki da ganguna da tutoci, suna tafiya suna juyawa a sahu ba wanda ya taka wani, har na tuna da hawan daushe, na ji ƙwalla ta taru mini ba shiri. Wani dattijo ɗan Damagaram da muka je tare ya dafa ni ya ce, “Malam, waɗannan duk 'yan makaranta ne?” Na ce, “Ranka ya daɗe, 'yan makaranta ne, kuma ranar Litinin akwai jarrabawa.” Ya girgiza kai ya yi salati. A ƙarƙashin kujerun da muke zaune kuwa akwai ɗakin ɗaga ƙarfe, da na 'yan kokawa, da wurin koyon wasan golf.

An buɗe filin a watan Agusta na 2012. Bai cika shekara biyu ba, a farkon 2014, aka ga siminti ya tsattsage a farfajiyar da jama'a suke wucewa, aka rufe shi gaba ɗaya. Ba zan ɓoye ba, labarin nan ya ɗan sanyaya mini rai, na ce ashe ba a garinmu kaɗai gini yake tsagewa ba. Sai dai abin da ya biyo baya ya mayar da ni cikin hassadata: aka kawo masana suka bincika, aka bayyana sakamakon ga jama'a, waɗanda suka zana ginin da waɗanda suka gina shi suka ɗauki nauyin gyara, aka sake buɗewa a 2015. A shekarar da filin yake rufe yaran sun yi dukan wasanninsu a filayen aro, kuma duk da haka suka ci kofin jiha, na uku a jere, ƙarƙashin jagorancin ɗan wasansu Kyler Murray, wanda bai taɓa shan kaye ba a duk wasan da ya fara a makarantar, daga baya ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2018, ƙungiyar ƙwararru ta Arizona ta zaɓe shi na ɗaya a 2019. Sun yi nasara 57 a jere kafin wata makaranta daga Austin ta tsayar da su a 2015. Kofunansu na jiha a wannan wasa biyar ne: 2008, 2012, 2013, 2014 da 2017. Wasu garuruwan jihar kuwa ba su bar musu ba, domin Katy da McKinney sun gina nasu filayen da suka fi wannan tsada.

Mu ma ai muna da abin alfahari, kuma ba na yarda a raina shi. Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, tun 1921 take, wato tsakaninta da makarantar Allen shekara 11 ne kacal, kuma ta fitar da shugabannin da wata makarantar bayan gari a Texas ba za ta yi mafarkinsu ba. Wanda ya taɓa gudun gasar gidaje ba takalmi, a kan layin da aka zana da toka, ya san cewa jarumta ba ta jiran siminti. Amma a makarantun nan, da ka shiga zaure za ka tarar da akwatunan gilashi cike da kofuna, da hotunan 'yan wasan kowace shekara da sunayensu, da allon da aka rubuta wanda ya fi kowa gudu da daƙiƙoƙin da ya yi, ta yadda jika zai nuna kakansa a bango. Mu kuwa wa ya san wanda ya ci tseren mil a shekararmu, in ba a bakin mutum biyu ko uku da suka rage ba? Wannan taskar tarihi ba ta cin ko dala dubu, kuma ita na fi jin zafin rashinta fiye da filin.

Yanzu bari in juya ga 'yan'uwa da suke zuwa da iyali, domin tambayoyinsu sun yi yawa. Da farko, a nan adireshin gida shi ne yake zaɓa wa yaro makaranta, saboda haka kafin ka sa hannu a takardar haya, bincika gundumar makarantar da gidan yake ciki, kada arahar haya ta ruɗe ka. Hukumar da take kula da gasar makarantun gwamnati a Texas, wadda ake kira UIL, ba ta yarda a sauya wa yaro makaranta domin wasa ba, kuma wanda ya cika shekara 19 kafin 1 ga Satumba ya fita daga lissafi. Maganar ɗauko ƙato daga kasuwa a sa masa rigar makaranta, wadda duk mun sani, babu ita. Sai takardar likita, wadda wajibi ce kafin yaro ya taka fili, gara a yi ta tun bazara, domin atisaye yana farawa a farkon Agusta, cikin zafin da ko mutumin Sakkwato zai girmama shi. Tamaularmu kuwa a cikin sanyi ake buga ta, daga Janairu zuwa wajen Afrilu, kuma a nan ne yaranmu suka fi haskawa.

Akwai kuma wata doka da jihar ta kafa a 1984, bayan kwamitin da attajirin nan Ross Perot ya jagoranta, wadda ta ce duk ɗalibin da ya kasa samun maki 70 a darasi, to, a dakatar da shi daga gasa na wasu makonni har ya gyara. Wannan doka ita ce babbar abokiyar uba, domin abin da faɗa da nasiha suka kasa, tsoron zaman benci yana yi cikin mako guda. Ɗana da kansa ya zo ya ce, “Baba, a nemo mini mai koya mini lissafi,” maganar da ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba. Game da 'ya'ya mata, dokar ƙasa ta 1972 ta wajabta a ba su dama daidai da maza, kuma tun 2021 aka sassauta ƙa'idar rufe kai a wasanni da dama, har yarinya tana iya wasa da ɗankwalinta ba sai an nemi izini na musamman ba. Duk da haka a yi magana da mai horarwa tun farko, a kan dogon wando da dogon hannu. In azumi ya faɗo cikin lokacin gasa, a sanar da shi da wuri, galibinsu suna da fahimta. Magariba takan riski mutum a filin, sai a tafi da alwala da 'yar darduma. Naman da ake sayarwa a rumfunan ƙungiyar iyaye a yi tambaya kafin a ci, tikiti kuma a saya ta waya tun kafin ranar, kuma filaye da yawa ba sa barin jaka sai wadda ake ganin cikinta.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Ƙwallon Amurka wasa ne na karo da kai, kuma raunin ƙwaƙwalwa a cikinsa sananne ne ga likitoci, saboda haka uba ya yi tunani kafin ya sa hannu. Ni dai na karkatar da nawa zuwa tamaula da gudu. Na biyu, kada hasken fitilun filin miliyan 60 ya sa ka ɗauka wasa ne zai biya wa ɗanka kuɗin jami'a, domin waɗanda suke samun tallafin karatu ta wannan hanya ba su wuce kimanin biyu cikin ɗari ba, Kyler Murray kuwa ɗaya ne a garin mutum dubu 100.

Wanda duk ya sayi gida a nan yana biyan bashin irin waɗannan gine-gine, wanda yake haya ma yana biya a cikin kuɗin hayarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Zaman hukumar makarantu a buɗe yake ga kowa, ana ba mai magana 'yan mintoci, kuma zaɓen cin bashi yakan zo a watan Mayu ko Nuwamba. Ina roƙon 'yan'uwa da suka sami takardar zama 'yan ƙasa su daina barin wannan ƙuri'a tana wuce su. Ku karanta abin da za a gina da kuɗinku, ku je ku jefa.