A Taimaki Yaro da Aikin Turanci, Kada a Yi Masa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana malamai da ma'aikata na Jega da Aliero da Maiyama a kan aikin Turanci da ake ba yara su zo da shi gida.

Kowa ya sani yau ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ko na WAEC ko na NECO. Ga jami'ar kimiyya da fasaha an kafa mana a Aliero tun 2006, a ƙofar gidanmu, amma ɗanmu yakan ci lissafi da kimiyya, Turanci ya tare shi a bakin ƙofa. Saboda tsoron wannan ne iyaye da yayye, in yaro ya kawo aikin gida, sai su karɓi biro su rubuta masa amsa, ko su miƙa masa waya ya kwafo. Malami ya ga aiki tsaf, ya ba da maki, kowa ya yi murna. To, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Na daɗe ina koyarwa, kuma har yanzu 'ya'yan maƙwabta sukan kawo mini littattafansu bayan Magariba. Abin da na lura shi ne, kurakuransu ba na daƙiƙanci ba ne. Yaro yana ɗaukar dokar Hausa ne ya aza wa Turanci. A Hausa mukan ce na tafi, ina tafiya, zan tafi, watau lokaci yana rataye ga wakilin suna. Bature kuwa aikatau ɗin yake juyawa, "go" ya koma "went". Shi ya sa yaro ke rubuta "I go yesterday", yana ganin ya gama, tun da ya ambaci jiya. Haka kuma a Hausa kowane abu ko namiji ne ko mace. Ɗan Aliero ya saba cewa albasa ta ruɓe, saboda haka sai ya kira ta "she", bai san Bature yana da "it" ba, wadda ya ajiye wa abin da ba mutum ba. Ga kai da ke da ku, duk "you" guda ta haɗiye su. In ka nuna wa yaro wannan bambanci da Hausa, ka sa ya ƙaga jimla biyar da kansa, ya riƙe ke nan. In ka gyara masa kawai ka wuce, gobe ma haka zai yi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawun Larabci, kuma har gobe in almajiri ya ɗauki Ajurumiyya a zaure, yana ja ne malami yana fassara masa kalma kalma da Hausa. Da haka aka sami malaman da suka ƙware a harshen da ba a haife su da shi ba. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai auna fahimta. A nan yara sun ƙirƙiro wata wayo: su duba kalmar da ke cikin tambaya, su farauto ta a cikin labarin, su kwafe jimlar ɗungurungum. Wannan ba karatu ba ne. Ni abin da nake yi, in sa yaro ya karanta labarin sau biyu da ƙarfi, ya rufe littafi, ya gaya mini da Hausa wa ya yi me, a ina, don me. In ya kasa, to, ba a zo ga tambayoyi ba tukuna. Kalmar da ta gagare shi, ya fara cinkar ma'anarta daga maƙwabtanta, sa'an nan ya buɗe ƙamus ya tabbatar. Daga nan ya amsa da nasa Turanci, ko da gurgu ne, domin gurgun da ke tafiya da ƙafarsa ya fi wanda aka goya.

Na san gwamnati takan sauya shawara a kan harshen koyarwa. A 2022 ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta soke wannan ta koma ga Turanci. Wannan na aji ne. A gida babu wanda ya hana uba ya yi wa ɗansa bayani da harshen da yake ji. Uwa ma da ba ta yi boko ba tana da rabonta, ta ce, "Ɗana, gaya mini abin da ka karanta." Wanda ya iya ba uwarsa labarin, lalle ya fahimce shi.

Saboda haka ina roƙon malamai su rage yawan aikin, su riƙa duba shi da gaske, iyaye kuma su ba da rabin sa'a kowane dare, biro yana hannun yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.

Ni ne naka,
Tsohon malamin makaranta, Jega.