Hawan jini da manhajar waya: inda likita da majinyaci suka sha bamban

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Nyanya ko Kubwa da asuba don ya kama layin ganin likita a Asibitin Ƙasa na Abuja ya san dalilin da ya sa mutane suka rungumi manhajojin lafiya. Ga kuɗin mota, ga cunkoso, ga zaman jira da kati a hannu har azahar. Ita kuwa waya tana aljihu, ba ta tsawa, ba ta cewa a dawo gobe.

A wurin majinyaci, manhaja mai kyau ita ce mai sauƙin buɗewa, wadda ba ta cin data, take tuna masa lokacin shan magani. Shi kuma likita tambayarsa ɗaya: adadin da ta bayar gaskiya ne?

Tambayar nan ba tsaurin ido ba ce. A 2016 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada wata manhaja, Instant Blood Pressure, wadda ake ɗora waya a ƙirji, a sa yatsa a kan kyamara, wai ta auna jini. Cikin masu hawan jini na gaske, kusan kashi 77 cikin 100 ta nuna musu lafiyarsu ƙalau. Amma mutane sun saye ta da yawa, suna yabonta. To, wa zai ƙi abin da ya kwantar masa da hankali? Abin da ke tayar min da nawa hankalin ke nan, don hawan jini ba ya sallama. Dattijuwa za ta iya ajiye maganinta saboda waya ta ce ya sauka.

Sai dai ina da ƙorafi a kan wasu likitocinmu. Majinyaci ya miƙo waya, sai a ce masa kawai ya goge, ba a ko duba ba. Zai ce to, ya fita, ya ci gaba da amfani da ita a ɓoye. Alhali wata manhajar rubuta awon suga na wata guda kaɗai take yi, abin da likitan kansa yake buƙatar gani.

Magani muna duba lambar NAFDAC kafin mu sha, manhaja kuwa taurarin yabo muke dubawa. Ga batun sirri kuma: tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, hukumarta ma nan Abuja take, amma da wuya ka ga wanda ya tambayi inda sakamakon gwajinsa yake tafiya.

Idan Baba ko Mama na amfani da irin wannan, don Allah ranar asibiti a tafi da wayar, a auna da na'urar hannu a gaban nas, a gwama.