Dokin Laka Ba Ya Tsayawa Sai da Ƙasa

Muna zaune a Kankia, bakin hanyar Kano zuwa Katsina, amma tushenmu Kusada ne, can kuwa tsohonmu yake noma har yau. 'Ya'yanmu a gari aka haife su. Kadan muka ce za mu ƙauye sai su ɓata rai, su ce ba abin wasa a can. Wannan abu ya daɗe yana damunmu.

Da hutun ƙarshen shekara autanmu ya gina dawakai shida na yumɓu, yana so ya yi hawan daba a kan tebur. Ya shanya su a rana, biyu suka tsage. Sauran kuwa da an taɓa tebur sai su faɗi, ƙafa ta karye. Yaro ya yi kuka, ya ce ya bar gini ke nan.

Yayansa ya nuna mana a waya yadda Turawa suke yi. A Ingila akwai wasan 'yan mutum-mutumi da ake kira Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop ya fitar a 1983. Kowane ɗan soja yana tsaye a kan ɗan faifai. Masu wasan sukan shafa gam a faifan, su barbaɗa yashi, su yi fenti, sa'an nan su manna ciyawar roba ta kanti. Muka ce, to, mu ina za mu sami wannan?

Da muka je Kusada muka ba tsoho labari. Ya yi dariya, ya kira autan ya ce, "Zo nan, abokina. Wa ya gaya maka ana shanya yumɓu a rana?"

Ga abin da ya koya mana. A kwaɓa yumɓu da ɗan ƙaiƙayi domin kada ya tsage. A yi masa gindi mai faɗi a kan sakaina, a dasa ƙafafun doki a ciki tun da ɗanyensa, a bar shi a inuwa kwana uku. A jiƙa ƙaro ya kwana, shi ne gam. A shafa, a fara sa tsakuwa, sa'an nan yashin da aka rairaye, domin ya cike tsakani. Kadan ya bushe a karkaɗe, a yayyafa ruwan makuba, irin wanda mata ke sa wa daɓe.

Yaran suka bazu neman kaya. Suka ɗebo jan marmara daga bakin hanya, da farin yashi daga rafi, da baƙar ƙasa daga fadama. Tsoho yana gaya musu wadda gero ke so, da wadda ke riƙe ruwa. Da magariba sai da muka yi ta kira kafin su shigo.

Yanzu dawakai shida suna tsaye a ɗakinmu, ko an girgiza tebur ba su faɗuwa. Baƙo ya zo, autan yakan nuna ɗaya ya ce, "Wannan a gonar Kaka yake tsaye."

Ya ku iyaye, mun kusa kashe kuɗi a kan abin da ke zube a bayan gidan ubanmu. Jiya ma yaron ya tambaye mu yaushe za mu koma Kusada, wai yashinsa ya ƙare.