Mun Je Sakkwato Neman Abincin Turkawa, Mun Dawo Da Darajar Hoce

Ranar Asabar ɗin da ƙungiyar tarihi ta makarantarmu ta shirya kai ziyara birnin Sakkwato, tun da sanyin safiya muka hallara a bakin titin Sifawa, mu 18 tare da malaminmu na tarihi. A takarda, abin da zai kai mu shi ne Hubbaren Shehu da gidan adana kayan tarihi na Waziri Junaidu. A zuci kuwa, shawarma ce ta hana yawancinmu barci. Wani ɗan ajinmu da ya yi hutu a birni ne ya ce mana abincin Turkawa ce, kuma duk wanda bai taɓa ɗanɗana ta ba da sauransa a wayewa. Makonni muka yi muna ƙin kashe kuɗin tara saboda ita.

Iyayenmu mata ba su san da wannan shiri ba. Kusan kowannenmu an ƙulle masa guzurin hoce da ƙuli-ƙuli a leda. Ga waɗanda ba su san shi ba, hoce da garin dawa ake yin sa, a kwaɓa, a bar shi ya ɗan yi tsami, sannan a gasa, yana kuma yin kwanaki bai lalace ba. Muka cusa shi can ƙasan jaka, don kada 'yan birni su gani su ce ƙauyawa sun shigo gari.

Mota na tashi Malam ya fara darasi. Ya tuna mana cewa a garinmu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa yana rubuta littattafai, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Da muka iso Boɗinga ya ce nan kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. Sai ya jefo mana tambaya: ɗaliban da suka riƙa tururuwa zuwa Sifawa daga nesa, me suke ci? Muka yi shiru. Ya ce gero da dawa da nono, abin da ƙasar nan ke bayarwa har gobe. Ba mu kama zancen sosai ba, hankalinmu na kan shawarma.

Mun yi ziyarar Hubbare da hantsi, muka zagaya gidan tarihi, muka yi sallar azahar. Daga nan Malam ya cika alƙawari, ya kai mu wani shago mai ƙofar gilashi a wajajen titin Ahmadu Bello. Da aka faɗi kuɗin guda ɗaya, sai kowa ya dubi ɗan uwansa. Muka haɗa kuɗi muka sayi huɗu, aka yanyanka aka raba. Gaskiya tana da daɗi: naman kaza, kabeji, da wani farin miya mai zaƙi-zaƙi, an naɗe cikin siririn burodi. Amma loma biyu ta ƙare, yunwa kuma tana nan inda take.

A nan bakin shagon Malam ya warware mana asalinta. Ya ce a Turkiyya ana jera yankakken nama a jikin dogon ƙarfe da ke tsaye, yana juyawa a gaban wuta, mai sayarwa yana shaftare wanda ya gasu da doguwar wuƙa. Suna kiran sa döner, wato mai juyawa. Kalmar shawarma ma daga wata kalmar Turkanci ta fito mai ma'anar juyawa. Larabawan Sham da Labanan ne suka karɓe ta suka ba ta nasu salo, ta hannunsu kuma ta bazu a biranen Nijeriya, inda aka ƙara mata kabeji da zaƙi. Ke nan abin da muka ci jika ne ga abincin Turkawa, jikan ma wanda ya tashi a wani gari. Ya ƙara da wani abu da ya ba mu mamaki: tsohuwar daular Turkawa, wadda ta ƙare a 1922, Daular Usmaniyya ake ce mata, sunan da mu ma muke kiran daular da Shehu ya kafa da shi, ko da yake Usmanun nasu daban ne, ya riga namu da kusan shekara 500.

Muka tambaye shi, to in mutum ya je Istanbul, ina zai sami abincinsu na gargajiya? Ya ce wani abokinsa da ya yi karatu a can ya shaida masa cewa ba a manyan shagunan da baƙi ke cika ake samun sa ba. Akwai ƙananan gidajen abinci a lungunan kasuwa da ake kira lokanta, inda teloli da maƙera da 'yan tireda ke cin abincin rana: miyar wake, shinkafa, da ayran, wanda kindirmo ne da aka tsinka da ruwa aka sa masa gishiri. Suna da wani busasshen nama, pastirma, da ake shafe shi da hulba da tafarnuwa da jan barkono. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Malam, ai wannan kilishi ne!" Ya yi dariya ya ce 'yan uwan juna ne, sai dai namu labu ake tsoma shi, na ƙuli da kayan yaji, a shanya, a ɗan nuna masa wuta. "Dokar ɗaya ce a kowane birni," in ji shi. "Ku bi sawun masu aikin ƙarfi in rana ta take. Ba sa ba da kuɗinsu inda ba za su ƙoshi ba."

Haka muka yi. Muka nufi Tsohuwar Kasuwa, muka bi bayan wasu 'yan dako har wata rumfa inda wata dattijuwa ke zaune da ƙoren nono a lulluɓe da faifai. Da ragowar canjinmu, kuɗin da bai kai na shawarma biyu ba, ta dama mana fura, ko hura kamar yadda muke faɗa a nan, har kowa ya sha ya ture ludayi.

"Ɗiyana, daga ina kunka hito?" ta tambaye mu.

"Daga Sifawa, Inna."

"Sifawa? Kuma ba ku taho min da hoce ba?"

Muka fara kallon juna. Ƙaramin cikinmu ne ya yi ta maza ya zaro ledarsa, sauran ma muka bi. Ta karɓi guda ta gutsura ta shinshina, ta ce rabonta da irin wannan tun bikin da ta je gida wajen Shagari. Nan take ta sa aka kawo akushi, ta marmashe hocen, ta daka ƙulinmu da barkono da gishiri, ta yanka albasa, ta zuba man gyaɗa, ta haɗa datu. Kafin mu ankara 'yan dakon nan da wani direba sun matso suna tambayar nawa-nawa ne. Abin da muka wuni muna ɓoyewa, shi mutanen birni ke miƙo kuɗi su saya. Ba mu sayar ba, tare muka ci da su.

Sai dai Inna ta faɗi maganar da ta sanyaya mana jiki. Ta ce jikokinta mata uku, babu wadda ta iya gasa hoce, ko kirɓa fura ba sa so, wai aikin tsofaffi ne. Muka tambayi kanmu a cikin mota: a cikinmu mu 18, wa ya iya? Mutum biyu kacal suka ɗaga hannu.

Ga 'yan uwa ɗalibai da za su shigo Sakkwato, ga abin da muka koyo. Da safe ku nemi masa mai zafi a bakin tanda. Da rana ku shiga kasuwa ko tashar mota, can ake samun tuwon shinkafa da fura mai kyau. In yamma ta yi, masu balangu da tsire ke hura wuta, kilishi kuma shi ne tsarabar da ba ta lalacewa a hanya. Ku duba inda aka rufe abinci daga ƙuda da ƙura, inda kuma ake yawan saye, don can ne abinci ba ya kwana. Wanda yake da hali ya ɗanɗana shawarma, babu laifi, tafiya mabuɗin ilmi ce.

Mun iso Sifawa ana kiran magariba. A taron ƙungiyarmu na gaba muka yanke shawarar kowa ya zauna da kakarsa ko gwaggonsa ya rubuto yadda ake yin abinci ɗaya na gida, daga jiƙa hatsi har saukewa. Zuwa yanzu mun tara guda 11, na hoce ne a shafin farko. Muna jiran jin na garuruwanku a wannan fili.