Hakin Da Ka Raina: Ramin Kunna Taba Na Mota

Hausawa sun ce hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Cikin kayan mota duka babu abin da aka raina kamar ɗan ramin nan na gaban direba, wanda Turawa suka ƙera domin mashaya taba. Ni ba na shan taba, amma aikin akawu ya sa kullum ina bisa hanya tsakanin Jandutsi da Jega da Maiyama, na kuwa ga yadda ramin ya sami sabon aiki. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, nan a ke soka caja. In ya mutu, falken da ya ɗauko albasa daga Aliero ba ya jin farashin Kudu, wanda mota ta tsaya masa da dare kuma ba shi da halin kiran taimako.

To, ga abin da na koya wurin direbobi da masu wayarin, bi da bi. Da fari ka murɗa makulli, gama motoci da yawa ba sa ba ramin wuta sai an kunna. Sa'an nan ka ari cajar wani ka gwada, don sau da yawa laifin na caja ne, waɗansu ma suna da nasu ɗan fiyus a baki.

In ba a dace ba, kashe mota, ka haska cikin ramin. Wuta daga ƙasansa ta ke fitowa, ta koma ta jikin bangonsa. Ƙurar hunturu ko tsatsa kan rufe ƙasan. Ƙusa kuwa ko tsohon kwabo in ya faɗa ciki, sai ya haɗa ƙasa da bango, nan take fiyus ya ƙone. Da tsinken itace a ke sharewa, kada ka kuskura ka sa ƙarfe.

Daga nan sai akwatin fiyus, wanda ya kan kasance kusa da gwiwar direba, ko cikin bonet. A murfinsa akwai zane mai nuna mazaunin kowane ɗaya. Ciro na ramin, ka ɗaga shi ga haske. In zaren ƙarfen cikinsa ya tsinke, ka gano ciwon. Launi ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, watau fiyus mai 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 120. Shi ya sa famfon taya mai aiki da lantarki ya kan ƙone shi. Irin wanda ka cire, shi za ka mayar.

A nan ne ganganci ke shigowa. Na san wani direba da ya ga sayen fiyus ɓarnar kuɗi ce, ya naɗa silin waya a gurbinsa. Wuta ta dawo, ya yi ta fahariya a tasha. Ba a yi mako ba, yana ɗauke da mata da yara kusa da Maiyama, sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Da yashi aka kashe wutar. Allah ya kiyaye rayuka, amma sabunta wayarin ya cinye abin da ya tara kaka guda.

Fiyus dai maigadi ne, an yi shi ya mutu domin gida ya tsira. Saboda haka in ka sa sabo ya sake ƙonewa, kada ka ƙara masa ƙarfi. Alama ce wata waya ta saɓule tana taɓa jikin mota. Haka kuma in fiyus lafiya ya ke amma ramin shiru, mai yiwuwa wayar bayansa ce ta kwance. Duka biyu aikin mai wayarin ne, shi ke da fitilar gwaji da zai bi waya gaɓa-gaɓa har ya iske inda wuta ta tsaya. Kai masa tun da rana, kafin ka ɗauki fasinja. Allah ya kiyaye hanya, amin.